Ƙaramar Ƙasa, Babban Kwano

Jihar Kano ta kusa ninka Gambiya a faɗi. Duk ƙasar, da tudunta da ruwanta, murabba'in kilomita 11,300 ce ko kusa da haka, mutanenta kuma ba su cika miliyan uku ba. In aka cire tsibirai, babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta a Afirka. Senegal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa, sai ɗan bakin teku na kilomita 80 ta yamma, kuma babu inda faɗinta ya wuce kilomita 50. Ingila da Faransa ne suka yanka ta haka a yarjejeniyar 1889: Ingila ta riƙe Kogin Gambiya da gaɓarsa biyu, Faransa ta kwashe abin da ya rage. Kogin daga tsaunukan Futa Jallon na ƙasar Gini yake tasowa, ya ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya zube a Tekun Atlantika a bakin Banjul.

Mu da muka tashi a babbar ƙasa mun saba auna daraja da yawa: yawan jama'a, yawan jihohi, yawan man fetur. Aikin koyarwa ne ya kai ni Gambiya, wani abokin aikina ɗan ƙabilar Mandinka kuma ya ƙi yarda in kama ɗaki, ya ɗauke ni zuwa gidansu a Brikama. A zaman da na yi da su na ga wata irin ƙima da mutane suke ba ƙasarsu wadda ba ruwanta da yawa. Sun san abin da suke da shi, sun san yadda ake yinsa, kuma ba sa jin kunyar ajiye shi gaban baƙo. Galibin abin da na gane game da wannan, a bakin kwanon abinci na gane shi.

Abincin rana shi ne babban abinci a gidan Bagambiye, bayan an sallame Azahar ake cinsa. Ana kawo ƙaton kwano guda, shinkafa a ƙasa, miya da kifi da kayan lambu a tsibe a tsakiya. Kowa ya wanke hannu ya tsuguna, kowa kuma da gabansa. Ba a miƙa hannu a gaban wani, ba a kai hannu tsakiya. Tsakiyar ta uwar gida ce. Mahaifiyar abokina, wadda kowa ke kira Aja, wato Hajiya, ita take gutsuro kifi da yatsunta, ta zare ƙaya, ta jefa wa kowa rabonsa a gabansa, ta ɓantaro rogo ko kabewa ta tura wa wanda ta ga hannunsa ya yi sanyi. Ƙaramin yaron gidan yana dafe da bakin kwanon da yatsa don kada ya juya, idonsa a ƙasa. Ni baƙo an ba ni cokali, tsokar kifi mafi kyau kuma a gabana take sauka. Da na ce, “Aja, ya isa haka, Allah ya saka da alheri,” sai ta ce, “Ɗana, ai ba ka fara ba,” ta ƙara turo wata.

Na lura da cewa a wannan kwano yaro yake koyon haƙuri da sanin haƙƙin na kusa da shi, tun bai san harafi ba. Haka muka tashi mu ma, a kan akushi ɗaya da 'yan uwa. Gidajenmu na birni da yawa sun raba wa kowa farantinsa, yaro ya ɗauki nasa ya shige ɗaki da waya a hannu. A Brikama na ga ma'aikatan gwamnati da 'yan jami'a suna dawowa gida su tuɓe takalmi su tsuguna a kwano ɗaya da almajirin da ya yi sallama a ƙofa. Duk wanda ya gifta ana cin abinci sai an kira shi da Wolof, “Kaay lekk,” zo ka ci, kuma da gaske ake kiran.

Abincin da suka fi tinƙaho da shi shi ne domoda, miyar gyaɗa. Kada mai karatu ya ɗauka irin tamu ce da ake kaɗa wa tuwo. Aja ta bar ni na zauna a bakin madafa ina kallo. Gyaɗar ana soya ta a ɓarza a fece ɓawon, a kai inji a kasuwa a markaɗe ta har ta yi laushi tana sheƙin mai. Sai a dama ta da ruwa a zuba a kan nama da albasa da tumatirin gwangwani da attaruhu, a rage wuta. Daga nan sai jira. Ba a sauke domoda sai man gyaɗar ya taso sama ya kwanta ja wur, in an yi gaggawa ɗanɗanon ɗanyar gyaɗa zai fito a baki. Kafin nan an jefa kabewa da dankali da gauta mai ɗaci, a ƙarshe a matse lemon tsami don ya karya nauyin man. Farar shinkafa ake zuba wa. Aja ta ce mace ba ta isa a ce ta iya girki ba sai an ɗanɗana domodarta, kuma kowace unguwa ta san gidan da ya yi fice.

Gyaɗar nan ba baƙuwa ba ce a rayuwarsu. Tun wajen 1830 ake fitar da ita daga bakin wannan kogi zuwa Turai, ita ta riƙe tattalin arzikin ƙasar duk zamanin mulkin mallaka da bayansa, manoma na zuwa ci-rani daga Mali da Gini don nomanta. Wanda ya san tarihin dalar gyaɗa a Kano zai gane wannan labari. Su dai ba su bar ta ta zama labari ba: tana gonarsu, tana tukunyarsu, da safe ma kunun gyaɗa da shinkafa suke sha, suna kiransa cura gerte.

Sai benacin, dafa-dukan Wolof, uwar duk shinkafar da ake gardama a kanta tsakanin Najeriya da Gana. Ana tsaga kifi a cusa masa dakakken ganye da tafarnuwa da barkono a soya, a haɗa romo da albasa da tumatir, a dafa kabeji da rogo da karas da gauta a ciki a tsame, sannan a zuba ɓarzajjiyar shinkafa a cikin romon ta tsotse shi tas. Ƙanzon ƙasan tukunya ana kankare shi a ajiye gefe, manya ma so suke yi. A gefe kuma ga dakakken ganyen yakuwa mai tsami. A 2021 hukumar UNESCO ta sa irin wannan girki na Senegal, cebujen, a jerin al'adun duniya. Mutanen Gambiya ba su ɗauki abin da zafi ba. Da na tayar da zancen, abokina ya ce tukunya ɗaya ce, iyaka ce ta ratsa ta tsakiya. Akwai yasa, kaza ko kifi da aka jiƙa a lemon tsami da tulin albasa aka gasa. Akwai supakanja, miyar kuɓewa da manja da busasshen kifi. Akwai mbahal, shinkafa da dakakkiyar gyaɗa da bandar kifi da daddawa, abincin talaka da mai kuɗi ba ya rainawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda na sake tarar da waɗannan sunaye. A Kololi, unguwar manyan otal-otal da Turawa suke cika daga Nuwamba zuwa Afrilu, takardar abinci tana ɗauke da domoda da benacin da yasa da sunayensu, ba a canza musu suna ba, ba a ɓoye su a shafin ƙarshe ba. Baturen da ya zo shan iska sai ya koyi faɗin domoda. Har gidaje akwai da mata suke karɓar baƙi, su kai su kasuwa cefane, su zaunar da su a tsakar gida su koya musu girkin, a biya su. Na tuna sau nawa na ga an yi baƙo daga nesa a garuruwanmu aka tsallake tuwon dawa da miyar kuka, aka tsallake dambu da fate da ɗanwake, aka aika a sayo soyayyar shinkafa da kaza don a fita kunya. Wace kunya? Baƙon da ya keto ƙasashe ya zo, abin da babu a garinsu yake nema. Idan mu da kanmu muka ɗauki abincinmu na cikin gida ne kawai, babu wanda zai zo ya ɗaga mana shi.

A titi ma haka abin yake. Da safe burodin tapalapa ne, dogo mai nauyi, wanda galibi Fulani suke gasawa a tanderun ƙasa da itace, a tsaga shi a cusa ƙosai ko dafaffen wake ko ƙwai. Da yamma mata na sayar da ebbe, faten rogo da manja da ƙaguwa da tsamiya, mai yaji har hawaye. Da dare masu afra suna gasa naman rago da albasa. Abin sha kuwa wonjo, wato zoɓo, da buyi, wanda ake yi da garin 'ya'yan kuka da madara. Sai ataya, koren shayin Sin da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, a yi ta juya shi daga wannan ɗan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, a sha zagaye uku: na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Awa biyu na iya tafiya a kan buta ɗaya. Wasu dattawa suna ƙorafin cewa ataya na cinye lokacin samari marasa aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a wannan zama na ji ana sasanta rigimar fili, ana haɗa kuɗin jinyar maƙwabci.

A wurin ataya na ga wasan da yake tsakanin ƙabilunsu. Mandinka da Fulani da Wolof da Jola da Sarahule da Serer duk a ɗan wannan zirin ƙasa suke, aure ya cakuɗa su. Bajole da Baserere ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, yadda Bafulatani da Babarbare suke yi a wurinmu, kuma rabin tsokanar a kan ci ce: wane ne acici, wa ya fi son shinkafa, wa ba ya ƙoshi da wake. Wanda aka tsokana ba shi da ikon fushi. Musulmi su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, Kirista 'yan kaɗan ne, amma an gaya mini cewa ranar Juma'ar da ke gaban Ista gidajen Kirista suna kwana dama nanburu, haɗin kuka da garin shinkafa da sukari, su cika bokitai su rarraba wa maƙwabtansu Musulmi. In Tobaski ta zo, wato Babbar Sallah, naman layya ya bi wannan hanya ya koma. Na daɗe ina tunanin wannan. Taron zaman lafiya nawa muke yi a ɗakunan otal, alhali kwanon da yaro zai ɗauka ya tsallaka titi ya kai gidan maƙwabci ya fi su aiki?

Banjul kanta ba ta ɗaukar lokaci. A kan tsibiri take, Turawa suka kafa ta a 1816 da sunan Bathurst, aka canza mata suna a 1973, kuma Serekunda ta fi ta jama'a da hada-hada. Akwai kasuwar Albert, akwai masallacin Sarki Fahad, akwai doguwar ƙofar nan Arch 22 mai tsayin mita 35 da tsohon shugabansu Yahya Jammeh ya gina don tunawa da juyin mulkinsa na 22 ga Yuli 1994. A Bakau akwai tafkin Kachikally, inda kadoji suke kwance a bakin ruwa baƙi na shafa bayansu, zuriyar Bojang ce take kula da shi kaka da kakanni. Mata masu neman haihuwa suna zuwa a yi musu wanka da ruwansa. Ban yarda da wannan ba a matsayina na Musulmi, malaman ƙasar da yawa ma ba su yarda ba, amma na yaba yadda suka tsare wurin da bishiyoyinsa a tsakiyar gari da gini ya cinye ko'ina.

Tafiyar da ta girgiza ni ita ce ta tsallaken kogi. Ana shiga jirgin fito daga Banjul zuwa Barra, da motoci da awaki da buhunan shinkafa, daga nan a bi mota zuwa Albreda da Juffure, sai a shiga kwalekwale zuwa wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa, kimanin kilomita 30 daga bakin teku. Mutanen Kurland, wani yanki na ƙasar Latbiya ta yau, su suka fara gina ganuwa a kansa a 1651, Ingila ta ƙwace a 1661 ta sa masa suna James. A nan ake tsare bayin da aka kamo daga cikin ƙasa kafin a loda su a jirgi. A 2003 aka sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya, a 2011 gwamnati ta mayar da sunansa Kunta Kinte, sunan mutumin da Ba'amurke Alex Haley ya ce kakansa ne a littafinsa Roots na 1976. Masana tarihi sun yi ta ja da salsalar da Haley ya kawo, amma babu mai ja da abin da aka yi a tsibirin. Abin da ya rage yanzu rusassun bangaye ne, da tsoffin igwa, da kukoki, ruwa kuma ya cinye mafi yawan ƙasar, yana kan ci.

Saurayin da ya zagaya da mu ɗan Juffure ne. Ya nuna mana ɗan kurkukun da ake jefa masu taurin kai, ya faɗi shekaru da sunayen jiragen Turawa ba tare da duba takarda ba. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya kan Turawa kaɗai ba. Ya ce da sarakunan bakin kogi da fatake na cikin gida aka yi cinikin, su suke kamowa su sayar a karɓi bindiga da tufafi da giya. Ya faɗi haka gaban baƙaƙen Amurka da suka zo neman tushensu, wasunsu na hawaye, bai sassauta ba, bai kuma yi musu ba'a ba. A nan na koyi cewa son gida na gaskiya yana iya ɗaukar ɗacin tarihin gida. Mu ma muna da kasuwannin bayi da hanyoyin Sahara a tarihinmu, da wuya ka ji mai zagayawa da baƙi ya ambace su.

Can cikin ƙasa, kusa da Janjanbure, akwai duwatsun Wassu: ginshiƙan jan dutse da aka sassaƙa aka kakkafa a da'ira a kan kaburbura, da'ira 11 a wuri ɗaya, mafi tsayinsu ya haura mita biyu da rabi. Irinsu sun fi dubu a tsakanin Gambiya da Senegal, masana kuma sun ce an yi ta kafa su tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa ƙarni na 16. Wurin a share yake, da ɗan gidan tarihi da mai gadi da ya san aikinsa. Hoton duwatsun yana bayan takardar dalasi 50. Kuɗin nasu ma abin dubawa ne: kada ne a jikin ƙwandalar dalasi ɗaya, kuma a 2019 da aka sake takardun kuɗi aka cire hoton Jammeh, tsuntsayen ƙasar aka sa a gurbinsa. Suna da nau'in tsuntsu fiye da 500, samari da yawa sun haddace su da kukansu, suna cin abinci da nuna wa baƙi su a dajin Abuko.

In hira ta koma kan siyasa, abu na farko da za su gaya maka shi ne yadda suke zaɓe. Ba takarda suke dangwalawa ba. Kowane ɗan takara da gangar ƙarfe mai launin jam'iyyarsa da hotonsa, mai zaɓe a ba shi 'yar ƙwallon gilashi ɗaya ya jefa, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, jami'ai na ji daga waje. Da waɗannan 'yan ƙwallaye suka kayar da Jammeh ranar 1 ga Disamba 2016 bayan shekara 22 yana mulki, suka zaɓi Adama Barrow. Da ya ƙi sauka sai da ECOWAS ta tura sojoji, har da na Najeriya, ya bar ƙasar a Janairun 2017. Wani dattijo da ya ji daga inda na fito ya riƙe hannuna ya yi ta godiya saboda wannan. Za su gaya maka cewa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka a ƙasarsu take, cewa 'yarsu Fatou Bensouda ta riƙe muƙamin babbar mai gabatar da ƙara a kotun manyan laifuka ta duniya daga 2012 zuwa 2021. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Nuwamban 2019, lokacin da ministan shari'arsu Abubacarr Tambadou ya kai Myanmar ƙara kotun duniya a Hague kan kisan Musulmin Rohingya. Ƙasashen Musulmi masu dukiya da runduna suna nan, amma wannan 'yar ƙasa ce ta sa sunanta a takardar. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Duk da haka, zan yi wa masu masaukina rashin adalci in na nuna kamar komai lafiya. Shinkafar da take cika kwanon nan, mafi yawanta daga Asiya ake shigo da ita, alhali matan Mandinka da Jola sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman shinkafa a fadamun kogin. Samari da yawa sun bi hanyar Agadas da Libiya zuwa Turai, kusan kowane gida a Brikama yana da wanda ya tafi, wasu an ji labarinsu, wasu shiru. A bakin teku akwai waɗanda sana'arsu bin Turawa ce da murmushi da roƙo. Kuma abin da ya fi damuna na gan shi a Tanji.

Tanji garin masunta ne. Da la'asar kwalekwale masu fenti kala-kala suke dawowa, mata su kutsa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka su taro kifi, yara na tura baro, shamuwar teku na shawagi. Bayan rairayin ga rumfunan banda jere, hayaƙi ya turnuƙe, an shimfiɗa kifin bonga dubbai a kan waya. Bonga kifin talaka ne, mai ƙaya da mai, shi ne naman gidan da ba ya iya sayen nama, bandarsa kuma har ƙasashen maƙwabta ake kaiwa. Daga wajen 2016 aka kafa masana'antu a Gunjur da Sanyang da Kartong masu saye irin wannan kifi tuli su niƙe shi ya zama gari, a fitar da shi waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Masunci zai fi son wanda zai saye jirgi guda ya biya nan take. Mace mai banda da 'yar robarta sai ta koma baya. A 2017 ruwan wata fadama a Gunjur ya rine ya yi ja, kifi ya mutu, matasan garin suka tashi, har wasunsu suka gurfana a kotu bayan sun tumɓuke bututun da ke zubar da dagwalo a teku. Wata mai banda ta ce da ni, “Ɗan'uwa, da in jirgi ya cika kyauta ake ba maƙwabta bonga. Yau ni mai sayarwa sai na yi lissafi kafin in kai gida.” Ƙasa tana iya rubuta sunan benacin a takardar kowane otal, amma in kifin ya fi ƙarfin mai dafa shi, alfaharin ya zama na nuni kawai. Matasan Gunjur sun gane haka, shi ya sa nake ganin su ma masu kishin abincin ƙasarsu ne, daidai da Aja a madafarta.

Waɗanda suka nuna mini yadda ake haɗa kishi da aiki su ne matan kawa. Kawa wani naman ruwa ne mai ɓawo biyu da yake manne a saiwoyin itatuwan mangurof, masu tsiro cikin ruwan gishiri. Tsakanin Banjul da Serekunda akwai kurmin irin waɗannan itatuwa da ake kira Tanbi. In ruwa ya janye, mata, galibinsu Jola, da yawansu zawarawa masu riƙe da marayu, sukan tuƙa ƙananan kwalekwale su shiga lunguna, su tsaya cikin taɓo suna ɓamɓaro kawa da 'yar gatari, ɓawon na yanka musu hannu da ƙafa. Su dawo su turara ta a kan wuta, su ɓare, su kai bakin titi su sayar da kofi. Ɓawon ma ba a zubarwa, ƙona shi ake yi ya zama farar ƙasa ta shafe ɗaki.

Da can kowa na shiga ya ɗiba yadda ya ga dama, wasu har saiwar suke sarewa don sauri, kawa ta yi ta ƙanƙancewa tana nisa. A 2007 wata mata, Fatou Janha, ta haɗa kansu suka kafa ƙungiyar TRY, wadda ta kai mata wajen 500 daga ƙauyuka 15. Suka zauna suka yanke wa kansu doka: ba a sare saiwa, ba a cire ƙaramar kawa, kuma ba a shiga ɗiba sai daga Maris zuwa Yuni, sauran wata takwas a bar ta ta girma. A 2012 gwamnati ta ba su ikon kamun kawa a Tanbi su kaɗai, a shekarar kuma suka sami lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya. Matan da yawancinsu ba su shiga aji ba, su suke sa ido a kan kurmin da ke tare wa babban birnin ƙasar ambaliya.

Na sayi kofi biyu a wurin wata dattijuwa a bakin titin Banjul, na ce, “Inna, wata takwas babu ɗiba, da me ake ci?” Ta ce da wuya, ba za ta ɓoye mini ba. Wasu suna komawa lambu, wasu wankau, wasu su ci bashin adashin ƙungiya su yi 'yar tireda har lokaci ya zagayo. “Amma dubi girmanta,” in ji ta, ta ɗago guda a tafin hannunta da duk ya sha yanka. “Da sai na ɓare tuli kafin kofi ya cika. Yanzu yana cika da wuri, kuɗinsa kuma ya fi.” Ta ce in damina ta kankama za su fita dashen sababbin itatuwa a wuraren da aka sare a baya, kowane ƙauye da yankinsa, ta ƙulle mini kawar a leda ta gaya mini in ce wa Aja ta soya ta da albasa da lemon tsami, kada ta jefa ta a miya.